Gayyar Bincike: Gudummawar Jama'a Wajen Tattara Sunayen Tsirrai da Namun Daji

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a dubi wata hanyar bincike wadda a cikinta mutanen gari, waɗanda ba masana kimiyya ba, suke taimakawa wajen rubuta tsirrai da tsuntsaye da dabbobin da ke kewaye da su. A nan za mu kira ta "gayyar bincike", domin ta yi kama da gayyar noma: gona ɗaya, hannu da yawa. Za mu ga asalinta, da yadda take gudana a Nijeriya, sannan da abin da ya shafi ɗalibin Hausa a cikinta.

2.0 Asalin Abin

Ranar Kirsimeti ta 1900 wani masanin tsuntsaye na Amurka, Frank Chapman, ya nemi mutane su fita ƙirga tsuntsaye maimakon gasar harbinsu da aka saba yi a wannan rana. Mutum 27 suka amsa kira a wurare 25, suka ga tsuntsaye kimanin iri 90. Har yau ana yin wannan ƙidaya kowace shekara. Da intanet ta zo sai aka buɗe rumbuna irin su eBird a 2002 da iNaturalist a 2008, inda kowa ke iya aika abin da ya gani, masana su tantance.

To, amma mu ma abin ba baƙo ba ne gare mu. J. M. Dalziel, wani likita da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, Bargery kuma ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Daga ina waɗannan sunaye suka fito? Daga bakin manoma da maharba da makiyaya da masu magani. Ke nan gayyar ta daɗe, sai dai ba a cika ambaton mutanen da suka yi ta ba.

3.0 Yadda Ake Yi a Nijeriya

A 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, ta fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai yakan shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana zagawa, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, sannan ya aika ta wayar hannu. Idan rahotanni suka taru, sai a gane inda kowane tsuntsu yake, da inda ya fara ƙaranci.

Amfanin wannan a fili yake. Ungulu, wadda da ba a raba ta da mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Haka kuma sarar madobiya don fitarwa ƙasashen waje ta yi tsanani har aka sa wa cinikinta takunkumi daga 2017. Masana kaɗan ba za su iya bin kowane ƙauye ba, amma mazauna ƙauyen suna ganin abin da ke faruwa kullum.

4.0 Ina Ruwan Ɗalibin Hausa?

Irin waɗannan rumbuna sun fi kula da sunan kimiyya da wurin da aka ga abu. Sunan Hausa da sanin da ke tattare da shi kuwa sau da yawa a baya ake barinsu. Alal misali, rumbu zai nuna an ga shamuwa a wuri kaza, amma ba zai faɗi cewa zuwanta bushara ce ta damina ga manomi ba. Zai nuna gawo, amma manomi ne zai bayyana cewa yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya shanye gero da inuwa.

Har ila yau akwai matsaloli uku waɗanda sai mai ilimin harshe zai warware su. Ta farko ita ce ta karin harshe: itacen da Bakano ke kira kanya, Basakkwace kaiwa yake ce masa. Ta biyu ita ce ta ƙa'idar rubutu: dinya tsuntsuwar ruwa ce, ɗinya kuwa itaciya, lanƙwasa ɗaya tak ta raba su. Ta uku ita ce suna ɗaya ya haɗa halittu da dama, kamar kurciya, wadda masana suka kasa ta iri-iri.

Bugu da ƙari, idan halitta ta ɓace, maganar da aka gina a kanta takan dushe. Yaron da bai taɓa ganin ungulu tana shawagi ba, ta yaya zai gane zurfin karin maganar da ke cewa ungulu ba ta jewar banza?

5.0 Shawara

Ɗalibin da ya tafi hutu gida yana iya riƙe littafi guda don wannan aiki. Duk abin da aka nuna masa ya rubuta sunansa yadda aka furta, tare da karin sauti da tsawon wasali. Ya rubuta gari da rana da yanayin shekara. Ya ɗauki hoto, in itace ne har da ganye da fure da 'ya'ya. Ya tambayi amfaninsa da karin magana ko camfin da ke kansa. Kada ya tsaya ga mutum ɗaya, ya ji ta bakin aƙalla uku, cikinsu har da tsofaffin mata, domin su ne suka fi sanin ganyayen miya da na kwaɗo. Ya nemi izinin mai ba shi labari, kuma kada ya tona sirrin mai magani ko ya bayyana sheƙar tsuntsun da 'yan kasuwa ke farauta. Bayan hutu sai a kai hotunan Sashen Nazarin Halittu a tabbatar da sunayen kimiyya.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa gayyar bincike tana bukatar ido biyu, na masanin halittu da na masanin harshe. Dattawan da suka san dawa suna ta raguwa, dawar ma tana raguwa. Idan kowane ɗalibi a sashenmu ya dawo da sunaye 20 ingantattu a shekara, kafin ya sauke karatu mun tara abin da na baya za su dogara da shi. Allah Ya sa mu dace.