GAM ƊIN EFOKSI: ƘARFINSA DA IYAKARSA

Efoksi wani irin gam ne da ake sayarwa cikin mazubi biyu, ɗaya na danƙo, ɗaya na maganin da ke sandarar da shi. Idan aka gauraya su sai su zama abu guda mai tauri, wanda ke kama ƙarfe da katako da kankare. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Pierre Castan yana cikin waɗanda suka fara gano shi, kuma a 1946 kamfanin Ciba ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite. Makanikai da kafintoci da magina suna aiki da shi, har wasu na ɗauka cewa abin da ya kama ya kamu ke nan har abada. Wannan kuskure ne, domin abubuwa uku suna rage masa ƙarfi: ruwa, da zafi, da nauyi mai daɗewa.

RUWA

Efoksin da ya bushe ba ya narkewa cikin ruwa, amma yana shan ruwa kaɗan kaɗan, ko da daga danshin iska ne. Cikin makonni ko watanni ruwan yakan ratsa shi, ya kumbura shi, ya kuma sassauta shi. Mafi muni shi ne idan ruwan ya kai inda gam ya haɗu da ƙarfe. A nan tsatsa take farawa ta ƙarƙashi, sai a ga gam ya ɓamɓare alhali shi kansa bai tsage ba. Mazauna wurare masu yawan danshi, irin su Legas da Fatakwal, su ne suka fi bukatar lura da wannan.

ZAFI

Kowane irin efoksi yana da matakin zafin da idan ya kai, yakan bar taurinsa ya yi laushi kamar roba. Ga yawancin waɗanda ke bushewa ba tare da an gasa su ba, matakin yana wajen digiri 50 zuwa 65 na ma'aunin Salshiyas. A Sakkwato da Maiduguri zafin iska yakan wuce digiri 40 a watan Afirilu, kwanon rufi kuwa da ke cikin rana yakan fi haka nesa. Ruwan lagireton mota yana kusantar digiri 90. Bugu da ƙari, efoksin da ya sha ruwa yakan yi laushi a zafin da bai kai na busasshe ba. Saboda haka inda ruwa da zafi suka haɗu, nan ne lalacewa ta fi sauri.

NAUYI MAI DAƊEWA

Ko babu ruwa babu zafi, wani efoksin yakan miƙe sannu a hankali idan nauyi ya daɗe yana jansa. A ranar 10 ga watan Yuli, 2006, falankan kankare masu nauyin kimanin tan 26 suka faɗo daga rufin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston na Amurka, suka danne wata mota, mace ɗaya ta rasu. An rataye falankan ne da ƙusoshin da aka kafe da efoksi. Binciken hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta ƙasar, wanda ya fito a 2007, ya nuna cewa an yi aiki da irin efoksin da ba ya jure nauyi mai daɗewa, ƙusoshin suka yi ta zamewa shekara da shekaru har suka fita.

ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

1. A goge wurin da samfefa, a kawar da mai da tsatsa, a bari ya bushe sarai.
2. A auna kashi biyun daidai yadda aka rubuta a jikin kwali. Ƙara maganin sandarwa ba ya ƙara ƙarfi, rage shi yake yi.
3. A gauraya kaɗan kaɗan, domin mai yawa yakan ɗauki zafi da kansa, ya sandare kafin a gama aiki.
4. Kada a ɗora nauyi sai lokacin da aka rubuta ya cika.
5. A sa safar hannu, a kuma yi aiki inda iska ke shiga, domin ɗanyen efoksi yana jawo ƙaiƙayi da ƙurajen fata.
6. Kada a liƙe bututun birki, ko tukunyar gas, ko wani abu mai nauyi da zai rataya bisa kan mutane, da gam ɗin da aka saya a kanti. Irin wannan aiki na injiniya ne.

Wanda ya san iyakar kayan aikinsa ya tsare dukiyarsa da rayukan jama'a. Rigakafi ya fi magani.