"Sista, Yaron Nan Ya Canja"

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin kwantar da yara, ina zaune a Minanata cikin Sakkwato. Iyayen da ke jinyar yara masu ciwon daji sukan tambaye ni yadda yaro zai wuni yana wasa, da dare a ce jiki ya rikice. Gaskiyar magana, da wuya yaro ya rikice farat ɗaya. Jiki kan fara nuna alamu sa'o'i kafin abin ya yi tsanani, sai dai a rasa mai lura.

Maganin daji da ake sawa ta jijiya yana kashe ƙwayoyin cutar, amma yana rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan an sa shi. A wannan tsakanin, zafin jikin da ya kai 38 abin gaggawa ne, ana so maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jijiya cikin awa ɗaya. Mu kuwa a nan kowane zazzaɓi maleriya ne, sai a jefa wa yaro farasitamol, zafi ya sauka, cutar na ci gaba da aikinta a cikin jini. Awon jini ma yana ruɗarwa, domin a jikin yaro shi ne ƙarshen faɗuwa.

Saboda haka aka fito da tsarin gargaɗi da wuri, wanda wani ma'aikacin jinya a Brighton ta Ingila ya bayyana a 2005. Duk lokacin da muka auna yaro, sai mu ba da maki daga 0 zuwa 3 a kan abu uku: yanayin hankalinsa, bugun zuciya da gudun jini, sai numfashi. A irin wanda asibitin dajin yara na Gwatamala ya fara aiki da shi a 2014, maki 3 ko 4 na nufin a kira likita kuma a ƙara yawan awo. Daga 5 zuwa sama, likitan ɗakin kulawa ta musamman ake nema nan take. Wani bincike da mujallar Lancet Oncology ta buga a 2023, a asibitoci 32 na ƙasashe 11 na Latin Amurka, ya nuna mace-macen da ke biyo bayan irin wannan rikicewa sun ragu da kashi 18 cikin 100 bayan an fara aiki da tsarin. Kayan aikin bai wuce takarda da biro da agogo da ma'aunin zafi ba. A ganina duk ɗakin yara a Sakkwato zai iya, ko da muna fama da ƙarancin ma'aikata.

Abin da ya fi burge ni shi ne, a tsarin na Gwatamala damuwar iyaye tana da maki ɗaya nata na kanta. Uwar da ke kwana a bakin gado ta fi ni sanin kukan ɗanta. Matsalarmu ita ce kawaici. Na sha ganin uwa ta lura ɗanta ya ƙi nono, ya yi laushi, tafin hannunsa ya yi sanyi, amma ta yi shiru wai kada ta dami Sista da tsakar dare, ko tana jiran maigida ya zo da safe. Mu ma ma'aikata da namu laifin, fuskar da muke ɗaurewa takan hana a tunkare mu.

Inna, Hajiya, Baba mai jinya: idan numfashin yaro ya yi sauri, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko fitsari ya ragu, ko jini ya fito ta hanci ko dasashi, ku taso mu ko ƙarfe nawa ne. Idan kuma kuna gida bayan an sallame ku zazzaɓi ya taso, ku kawo shi asibiti a daren, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.