Darasin Kimiyya: Gishirin da ke Taruwa a Ganyen Bishiya

'Yan uwa ɗalibai, ku duba ganyen turare ko darbejiya da aka dasa a filin makaranta idan rani ya tsananta. Wani lokaci bakin ganyen yakan bushe ya yi ruwan ƙasa kamar an babbaka shi, alhali tsakiyarsa kore shar. Ƙishi kan jawo haka, amma akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba, wato sinadarin kulorayid, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka zama gishirin miya.

Bishiya tana bukatarsa, amma kaɗan ƙwarai. Sai a shekarar 1954 masana a Kalifoniya ta Amurka suka tabbatar da haka, da gwaji kan tumatir. Yana taimaka wa ganye wajen haɗa abinci da hasken rana, da buɗe ƙananan ƙofofin numfashinsa.

Matsalar tana zuwa ne idan ya yi yawa. Saiwa na zuƙo shi tare da ruwa har zuwa ganye. Ruwan sai ya tashi ya bi iska, shi kuwa kulorayid ya tsaya a nan, yana ta taruwa a baki da tsinin ganye. Shi ya sa tsofaffin ganyaye ke fara ƙonewa kafin sababbi. A bishiyoyi marasa juriya, rabin giram a cikin giram 100 na busasshen ganye ya isa ya yi ɓarna.

Itatuwan dajin Falgore da ke rayuwa da ruwan sama ba su cika fuskantar wannan ba, domin muna nesa da teku, kuma damina na wanke ƙasa. Haɗarin yana kan ƙananan dashe da ake yi wa ban ruwa da rani, a lambunan raino ko gonakin da ke kusa da madatsar Tiga, musamman idan an cika musu takin NPK mai ɗauke da fotash. Ruwan wanke-wanke da wasu ke zuba wa dashen makaranta ma yana da gishiri.

Kuna iya gwadawa a ɗakin gwaji tare da malamin kimiyya. A shanya ganyen, a daka, a jiƙa a ruwan zafi marar gishiri, a tace, sannan a ɗiga silba naitiret. Idan ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, akwai kulorayid. Ku gwada tsohon ganye da sabo daga bishiya ɗaya, ku kawo wa ƙungiyar 'yan jarida sakamakon mu manna a allon nan.