Darasi: Ziyarar Kwana Uku A Legas, Abin Gani Da Abin Ci

 

Mu mutanen Funtua da Malumfashi ba baƙin jin sunan Legas ba ne. Tumatirin Ɗanja, da masarar Dandume, da dabbobinmu, kullum suna kan hanyar Kurmi. Ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da aure ko aiki ya kai can. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana maigida ya ce, “Shirya, za mu suna Agege.” To amma da yawanmu in mun je, daga ɗaki sai ɗaki, mu dawo ba mu ga komai ba. Wata kuma ta fita babu shiri, ta dawo da ciwon ciki, ko ma abin da ya fi wannan muni ya same ta a bakin ruwa. Darasinmu na yau shi ne yadda uwargida za ta yi kwana uku a wannan birni na bakin teku, ta ƙaru, ta ci mai kyau, ta dawo da 'ya'yanta lafiya.

1. Shiri tun daga gida

Tsakanin Funtua da Legas kusan kilomita 1,000 ne a mota. Don haka ku daidaita da maigida tun da wuri a kan ranar tafiya, da masauki, da kuɗin da za a kashe. A tambayi direbobi a tasha hanyar da ta fi lafiya a lokacin, kuma a guji tafiyar dare in da hali.

Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato bayan an kai amfanin gona gida. Yuni da Yuli kam ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, tituna su cika. Iskar garin tana da damshi, zufa ba ta bushewa da wuri kamar a nan, saboda haka ki ɗauki tufafin auduga marasa nauyi, da takalmi mara tsini. Gwal ɗinki kuwa ki bar shi a gida.

Game da salla: a mazhabar Malikiyya, matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, ƙasaru zai yi. Wato azahar, la'asar da lisha raka'a bibbiyu, sai in kin bi limami mazaunin gari, to sai ki cika. Ki lura kuma Legas tana yamma da mu, azahar ɗinsu takan shiga kamar minti 15 bayan tamu. Kada ki dogara da lokacin da kika saba, ki saurari ladanin unguwa. Alƙibla tana gabas, ta karkata arewa fiye da yadda take a nan.

2. Zirga-zirga a cikin gari

Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne. Kada ki fita ke kaɗai, ki samu ɗan gari daga gidan da kika sauka. Akwai manyan motocin BRT tun 2008, akwai kuma jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 wanda ya fara aiki a Satumbar 2023. Duka da kati ake biya, wanda suke kira Cowry. Acaɓa kuwa an hana shi a manyan sassan birnin, irin su Ikeja, Surulere, Apapa da tsibirin Legas, tun Yunin 2022.

Ki kiyayi shiga motar da ta tsaya a gefen titi tana kiran saura mutum ɗaya. Ɓarayi na amfani da wannan dabara, su tafi da fasinja su ƙwace masa waya da kuɗi. A shiga mota a tasha. Sannan a sammaka, a kuma juyo kafin la'asar sakaliya, don cunkoson Legas na iya cinye miki awa uku a kan tafiyar minti 30.

3. Rana ta farko: tsibirin Legas

Asalin garin a kan tsibiri yake. Yarabawa na kiransa Eko, daga nan muka samu Ikko. Sunan Legas kuma Turawan Fotugal ne suka sa, ma'anarsa tafkuna. Shi ne babban birnin Nijeriya har zuwa Disambar 1991 da aka koma Abuja.

In kun taso daga Agege ko Ikeja, ku bi ta gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990. Ruwan da za ki gani a ƙarƙashinta ba shi ne teku ba, tafki ne babba da ke haɗe da teku. Ki nuna wa yara masunta cikin kwalekwalensu.

Ku fara da Dandalin Tafawa Ɓalewa. A da filin sukuwa ne, kuma a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kusa da shi, a Onikan, akwai gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1957. A ciki akwai kayan tarihin Nok na kudancin Kaduna, akwai kuma motar da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ga hujin harsasai nan a jikinta. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta darasin tarihin ba, don gani ya kori ji.

Azahar ku yi ta a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe gininsa na yanzu a 1988. Ba nisa daga nan, a titin Martins, akwai masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Wani attajiri Muhammadu Shitta ne ya gina shi da kuɗinsa, har Sarkin Daular Usmaniyya na Turkiyya ya ba shi laƙabin Bey. Ki dubi fasalin ginin da kyau, irin na Barazil ne, za mu ga dalili a gaba.

Kasuwar Balogun, cibiyar atamfa da leshi, tana nan kewaye da masallacin. Ki rubuta abin da kike so tun daga gida, ki rungume jakarki ta gaba, ki yi ciniki sosai. Kuma kada idonki ya rufe ki taɓa kuɗin motar komawa.

4. Rana ta biyu: bakin teku

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Tsohon bakin ruwan nan na Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina unguwar Eko Atlantic. Wuraren da ake zuwa suna ɓangaren Lekki, irin su Elegushi, kuma ana biyan kuɗin shiga. Asabar da Lahadi da yamma wurin kiɗa ne da cakuɗuwa da shaye-shaye. Ku je da hantsi a tsakiyar mako, za ku samu wurin tsit, ki zauna ki kalli ruwan da ba a hango ƙarshensa, ki yi tasbihi.

Amma fa 'yar'uwa, teku ba dam ɗin Mairuwa ba ne. Igiyar ruwa in ta bugo gaɓa, komawa take yi da ƙarfi, tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarki. Akwai kuma wuraren da ruwan ke yin hanya yana gudu zuwa ciki, daga sama sai ki ga kamar nan ne ya fi kwanciya, alhali ko gwanin iyo yana shan wuya a wurin. Sannan ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a kwana, inda kika shimfiɗa tabarma a bushe, bayan awa biyu ruwa na iya iso shi. Don haka:

(a) Kada ruwa ya wuce idon sawunki. Zani da dogon hijabi in suka jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa.
(b) Kada ki juya wa teku baya don ɗaukar hoto.
(c) Kowane yaro a ce ga babban da ke riƙe da hannunsa. “Ai muna kallonsu” ita ce maganar da ke kawo da na sani.
(d) In ruwa ya ja wani, a yi ihu a kira masu ceto da masunta, a jefa masa abin da zai kama. Wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi, kada rashi ya zama biyu.
(e) In za a shiga jirgin ruwa, sai da rigar kariya ga kowa, kuma ba da dare ba.

In salla ta riske ku a can, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira cikin Muwaɗɗa.

A hanyar dawowa kuna iya tsayawa a gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990. Akwai birai, sai a ɓoye abinci don fizge suke yi. Akwai kuma gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401, amma ba ta mai ciki ba ce, ko mai hawan jini, ko ƙananan yara.

5. Rana ta uku: Badagry ko wajen 'yan'uwa

In da hali ku ba Badagry yini guda. Gari ne a hanyar iyakar Jamhuriyar Benin, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa zuwa ƙetare. Za ki ga sarƙoƙi da mari, da hanyar da bayi ke bi zuwa bakin ruwa. Cikin waɗanda aka kai Barazil akwai Musulmi, Yarabawa da Hausawa, har suka yi tawaye a Bahia cikin azumin 1835. Daga baya wasu suka dawo Legas da sana'ar gini, shi ya sa kika ga wancan fasali a masallacin Shitta-Bey.

In lokaci ya ƙure, ku zaga Agege, inda Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin fataucin goro, ku leƙa kasuwar Mile 12. Ki tambayi kuɗin kwandon tumatir a can, ki gwada da na gida. Za ki gane abin da kuɗin mota da lalacewar kaya a hanya ke ci, ki kuma san darajar noman da maigida ke yi.

6. Abin ci

Abincinsu bai yi nisa da namu ba kamar yadda ake zato. Amala tuwon garin doya ne, ana cinsa da ewedu, wato lalo, da gbegiri, wato miyar wake. Efo riro miyar ganye ce da manja. Akwai sakwara da agushi, da shinkafar Ofada, da dafaffen wake mai yajin manja da ake ci da burodin Agege, da gasasshiyar agada da gyaɗa. Attaruhunsu da yawa, mai gyambon ciki ta nemi a rage mata miya.

Kayan ruwa, irin su kifi, ƙaguwa da jatan lande, halal ne. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo a teku, kuma Malikiyya ba su ware wani ba. Sai dai wasu jikinsu ba ya karɓar ƙaguwa da jatan lande. In karon farko ne, a ɗanɗana kaɗan. In aka ga ƙaiƙayi, ko kumburin leɓe, ko numfashi na sarƙewa, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In za ki sayi ɗanyen kifi, ki duba idonsa ya zama garau, cikin kunnensa ja, jikinsa da tauri.

Nama shi ne wurin tambaya. Akwai wuraren da ke sayar da alade, wasu har da kare, wani lokaci a tukunya ɗaya ko cokali ɗaya da sauran nama. Ki tambaya cikin ladabi naman mene ne, wa ya yanka. Matambayi ba ya ɓata. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ci kifi ko wake. Amma kada ki ɗauka duk wanda ba Bahaushe ba abin zargi ne. Yarabawa da yawa Musulmi ne tun kaka da kakanni. Farin abin sha da za ki gani a jarka kuma, sau da yawa bammi ne, ba kunu ba.

Tsafta ma wajibi ce. A Yunin 2024 an yi annobar kwalara a Legas har aka rasa rayuka. Ki ci abinci da zafinsa, ki sha ruwan da ke rufe, ki guji ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, da 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye. In gudawa ta kama yaro, ki haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki riƙa ba shi kuna hanyar asibiti.

A manyan gidajen abinci ki ga farashi kafin ki ce a kawo. Sukan ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wasu su ƙara da kuɗin hidima.

A gidan da aka sauke ki kuwa, kada ki yatsine wa abinci fuska. Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ki tafi musu da tsarabar gida, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da man shanu, don a can tsada gare su. Ki kama wa matar gida aiki, ki tuna baƙo raɓa ne.

Tambayoyin bita

1. Kwana nawa matafiyi zai yi niyyar zama ƙasaru ta faɗi a kansa?
2. Kawo dokoki uku na bakin teku.
3. Waɗanne alamu ne ke nuna jikin mutum bai karɓi ƙaguwa ba?
4. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari?

Ku tattauna waɗannan a makarantunku na Islamiyya, wadda ta taɓa zuwa ta ƙara wa sauran bayani. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya tsare mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.