Yadda Ake Neman Aikin Koyar da Turanci a Ƙasashen Waje

Daga Riyad har Bankok, makarantu na ɗaukar malaman Turanci daga waje, kuma matasanmu da suka gama jami'a sun fara sa ido a kai. Aikin yana nan, sai dai iya Turanci kaɗai ba ya kai mutum can. Takardu ne ke kaiwa, kuma kowace tana da lokacinta. Wanda ya fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe, kuɗinsa kan tafi a banza. Ga yadda ake bi daki-daki.

Mataki na farko: ka san ƙasar da ke karɓar fasfonka. Kafin ka kashe ko sisi, duba dokar bizar ƙasar da kake hari. Koriya ta Kudu tana ba da bizar E-2 ta malaman Turanci ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayilan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya da Gana ba sa ciki, duk da cewa Turanci ne harshen gwamnatinsu. A Sin ma 'yan irin waɗancan ƙasashe ake fifitawa, ga shi tun 2021 gwamnati ta taƙaita harkar darussan bayan makaranta na kuɗi, guraben suka ragu sosai.

Japan ta fi sauƙi ta wannan fuska. Sharaɗinta ga malamin harshe a makarantun gwamnati shi ne digiri, da shaidar cewa ya yi karatun shekara 12 da harshen da zai koyar. Tailan na ɗaukar wanda ba Turanci ne harshen uwarsa ba, in ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC. Saudiyya da Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun fi biyan albashi, amma sun fi tsananta sharaɗi, jami'o'insu kan nemi digiri na biyu da gogewar shekaru. Kada kuma ka raina kusa: a Nijar da Chadi ana koyar da Turanci a sakandare, kuma Hausarka za ta yi maka amfani a Maradi ko Damagaram. Akwai kuma shirin TAC na gwamnatin Najeriya, wanda tun 1987 yake tura ƙwararru, har da malamai, aikin shekara 2 a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik.

Mataki na biyu: nemi shaidar koyarwa. Yawancin ƙasashe sai da digiri na farko suke ba da izinin aiki, ko a wane fanni ne. Bayan digiri, makarantu na tambayar satifiket ɗin koyar da Turanci ga baƙin harshe, na aƙalla awa 120. Mafi daraja su ne CELTA na Jami'ar Kambirij da CertTESOL na kwalejin Trinity ta Landan. Darajarsu ta zo ne daga awa 6 da za ka yi kana koyar da ɗalibai na gaske, malami na zaune yana auna ka. Kwas ɗin da ake gamawa a kwana biyu a waya ba ya da wannan, kuma masu ɗaukar aiki sun sani. In kana da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, haɗa da ita.

Mataki na uku: tabbatar da Turancinka a rubuce. Za ka ji zafi a ce mai digiri daga Bayero ko Zariya ya kawo shaidar iya Turanci, amma haka tsarin yake. Jarrabawar IELTS tana auna sauraro, karatu, rubutu da magana, makinta daga 0 zuwa 9 ne, sakamakonta kuma shekara 2 yake aiki. Saboda haka kada ka yi ta da wuri har ta lalace a hannunka.

Mataki na huɗu: tantance takardu. A nan ne aka fi ɓata lokaci. A Najeriya, digiri kan bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, ya wuce Ma'aikatar Harkokin Waje a buga masa hatimi, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je ya sa nasa. Za a nemi takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi, da ta gwajin lafiya. Su biyun nan ba sa daɗewa, ka bari sai tayin aiki ya kusa. Duba sunanka da kyau: in fasfo ya ce Muhammad, digiri ya ce Mohammed, gyara tun yanzu da takardar rantsuwa ta kotu.

Mataki na biyar: tura takardar nema a kan kari. Shekarar karatu a Japan Afrilu take farawa, a Tailan Mayu, a ƙasashen Larabawa wajen ƙarshen Agusta, kuma ana ɗaukar malamai watanni kafin nan. Taƙaita tarihin karatunka da aikinka a shafi ɗaya ko biyu, ka sa koyarwar da ka yi lokacin bautar ƙasa. Shirya gajeren bidiyo kana gabatar da kanka a nutse, da tsarin darasi guda, domin a ganawa ta intanet ana yawan cewa ka koyar a gani. Za ka haɗu da waɗanda farar fata kawai suke son ɗauka. Kada ka tsaya jayayya da su, wuce ka nemi makarantar da ke duba cancanta.

Mataki na shida: karanta kwantiragi layi-layi. Nawa ne albashi bayan haraji? Awa nawa a aji kowane mako? Wa zai biya gida, tikitin jirgi, inshorar lafiya da kuɗin biza? Me zai faru in ka ajiye aiki kafin wa'adi? Ka roƙi a haɗa ka da malamin da ke aiki a makarantar yanzu. In sun yi ta hanya-hanya, akwai lauje cikin naɗi.

Mataki na bakwai: kada ka tashi sai da bizar aiki. Koyarwa da bizar yawon buɗe ido laifi ne, hukuncinsa tara ko tsarewa ko kora. Makarantar kirki ba ta sayar da gurbi. Ejan da ya ce ka turo kuɗi tukuna, ko ka ba shi fasfonka ya riƙe, guje shi. Da irin wannan alkawari aka yaudari 'yan Afirka da dama, suka tsinci kansu a sansanonin damfara ta intanet a Miyanma da Kambodiya. In ka ga alamar safarar mutane, kai rahoto ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da ita a Najeriya.

Daga ƙarshe, tafi da guzurin da zai riƙe ka wata biyu, domin albashin farko sai ka yi aikin wata, ga kuɗin kama gida. Bar kwafin takardunka da adireshin makarantar a hannun na gida. Ɗan'uwa, in shirin ya ci maka shekara guda, yi haƙuri ka bi shi a hankali. Tafiya da cikakkun takardu ta fi tafiya da wuri.