Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Tsofaffin Waƙoƙin Sifaniyanci Ke Cike Da Takaici?

Tambaya: Ina koyon Sifaniyanci, kuma malamarmu kan sa mana tsofaffin waƙoƙi. Duk wadda na fahimta, sai in ji ana kukan rabuwa, ko ƙuruciyar da ta wuce, ko duniyar da ta ci amana. Halin mutanen ne haka, ko da dalili? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Da dalili, 'yar'uwa. Ba dukkan waƙoƙinsu ne haka ba, domin salsa da kumbiya sun fi karkata ga shagali. Daga bayaninki, ina kyautata zaton tango ake sa muku, kiɗan da ya tashi a unguwannin talakawa na Buenos Aires da Montevideo a ƙarshen ƙarni na 19.

Ki dubi mazauna unguwannin. A ƙidayar 1914, kusan rabin mutanen Buenos Aires a ƙasar waje aka haife su, akasari Italiya da Sifaniya. Mafi yawansu maza ne da suka baro iyaye da masoya da niyyar su tara abin duniya su koma, da yawa kuma ba su koma ba. Mai irin wannan zama, me zai rera in ba bege ba? Da mawaƙin tango Carlos Gardel ya rera "Mi noche triste" a 1917, labarin mutumin da masoyiyarsa ta tafi ta bar masa ɗaki fayau, sai marubuta waƙa suka bi wannan turba.

Ɗacin da ya fi taɓa ni ya zo ne bayan 1930, shekarar da sojoji suka kifar da Shugaba Hipólito Yrigoyen, ga karayar tattalin arziki, ga maguɗin zaɓe na shekaru. A wannan yanayi Enrique Santos Discépolo ya rubuta "Cambalache" a 1934. Babu zancen soyayya a ciki. Kukansa shi ne zamani ya daidaita mai gaskiya da ɓarawo, malami da jahili. Wanda bai damu da gaskiya ba, ba zai ji zafin faɗuwarta haka ba, shi ya sa nake ganin waƙar ta mai kishi ce.

Batun shuɗewar lokaci kuwa, ki nemi "Volver" ta Gardel da Alfredo Le Pera, kan wanda ya dawo gida da furfura bayan shekara 20. Su biyun sun rasu a hatsarin jirgin sama a Medellín ta Kolombiya ranar 24 ga Yuni, 1935, abin da ya ƙara wa waƙar nauyi a zukatan masu saurare.

Za ki ci karo da kalmomin da ƙamus ɗinki bai kawo ba. Lunfardo ne, karin maganar 'yan birnin Buenos Aires, wanda gwamnatin soja ta hana sawa a rediyo a 1943. Ki riƙa rubuta su kina kai wa malamarki.