Jigon Cutar Ajali a Ƙagaggun Labaran Yara

Adabin yara ya fi karkata ga raha da gargaɗi, amma akwai rukunin ƙagaggun labarai da ke ɗauke da jigo mai nauyi, wato yaron da ya kamu da cutar da ba ta jin magani.

Fitaccen misali shi ne Sadako and the Thousand Paper Cranes na Eleanor Coerr, wanda ya fito a 1977. An gina shi ne kan rayuwar Sadako Sasaki, wadda take 'yar shekara 2 lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima a 1945. Kusan shekara goma bayan haka sankarar jini ta kama ta. Japanawa suna da camfin cewa duk wanda ya linka takarda ya siffanta wani tsuntsu dangin gauraka har guda 1,000, burinsa zai cika. Sadako ta duƙufa kan haka a gadon asibiti har ta rasu a 1955, tana da shekara 12. A littafin, guda 644 ta yi, 'yan ajinsu suka cike sauran. Danginta kuwa sun ce ta haura dubun. Ɗalibi ya lura da amfanin wannan sauyi: ya ba abokanta rawar takawa, ta yadda yaro mai karatu zai ga inda shi ma zai sa hannu.

Wasu iyaye na ganin bai kamata a tayar wa yaro da hankali ba. Sai dai binciken da Myra Bluebond-Langner ta wallafa a Amurka a 1978 ya nuna cewa yara masu sankarar jini sukan gane ajalinsu ya kusa, su yi shiru don kada su ɓata wa manya rai. Duk da haka, sukar da aka yi wa The Brothers Lionheart na Astrid Lindgren, na 1973, tana da hujja, domin a ƙarshensa 'yan'uwan biyu da kansu suka zaɓi faɗowa daga kan dutse.

A ajinmu ba a rasa mai fama da amosanin jini, ko wanda ya rasa ƙane. Malami ya binciki halin ɗalibansa kafin ya zaɓi littafi, ya kuma guji sakaya irin ta "ta yi tafiya", domin ƙaramin yaro zai zauna jiran dawowarta.

Auna Fahimta: Wace hujja za ka ba uban da ya ƙi a karanta wa ɗansa labarin Sadako?